Bayan Sujadar Godiya: Ciwon Damuwa a Gidajenmu na Zamfara

Duk wanda yake zuwa sujada a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu cikin 'yan shekarun nan ya san irin wannan Lahadi. An sako wani ɗan'uwa daga hannun 'yan bindiga. Iyalinsa sun fito gaba da baikon godiya, Zumuntar Mata ta buga tulu, fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, jama'a suna hawayen murna. Wannan daidai ne, ya kuma kamata mu yi ta yin sa. Amma mutum nawa cikinmu ne suka koma gidan nan bayan wata uku?

Da mun koma, sau da yawa ga abin da za mu tarar. Mutumin ba ya barci, in ma ya yi, tun kafin asuba ya farka yana zaune a bakin gado. Abinci ba ya masa daɗi. Gonar da aka sayar domin a biya kuɗin fansa, da bashin da 'yan'uwa suka ci saboda shi, su ne a ransa dare da rana, har ya fara cewa da an bar shi can daji da iyalinsa sun huta. Ya daina zuwa kasuwa, daga baya ya daina zuwa majami'a. Matarsa ta ce tunani ne ya yi masa yawa. A taron dattawa kuma sai a ce ɗan'uwa ya yi sanyi cikin bangaskiya, a naɗa mutum biyu su je su gargaɗe shi.

Abin da ke damun mutumin nan yana da suna, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, yana kuma da magani. Batunmu a nan shi ne me ya sa muke makara wajen neman maganin, da kuma waɗanne hanyoyin jinya ne suke akwai yau, tsofaffi da sababbi, da waɗanda za su iya isowa inda muke.

Ba sai mun tuna wa kowa halin da jihar nan take ciki ba. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako, mutane suka kasa jin labarin 'yan'uwansu na ƙauye. A ranar 22 ga Satumba, 2023, aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu, wasu suka yi fiye da wata shida a daji. Hanyar Tsafe zuwa Funtua kuwa, kowa da addu'a yake shigarta. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa: manomin da ya biya haraji kafin a bar shi ya girbe gerorsa, gwauruwar da ta dawo Gusau da yara biyar tana raɓe a kango, mai bishara da ya rufe majami'ar ƙauye domin babu sauran kowa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da ake fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgitar da ke biyo bayan masifa. In muka ɗauki wannan ma'auni muka dubi majami'a mai mutum 200, lissafin ba mai wuya ba ne.

Sai dai kada mu ɗora komai a kan 'yan bindiga. Ciwon damuwa yana kama wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Hukumar ta ce kimanin kashi 5 cikin 100 na manya a duniya suna fama da shi, ya fi yawa ga mata, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma tana haɗuwa da shi lokacin da take da ciki ko bayan haihuwa. Yana bin jini a wasu gidaje. Yana zuwa tare da doguwar rashin lafiya, da rashin aikin yi, da zaman aure mai ɗaci. Wani lokaci kuma yakan zo ba tare da wani dalilin da ido zai gani ba, wannan ne ma ya fi rikita mu, domin sai mu ce, me wance ta rasa?

Yadda za a bambanta shi da baƙin ciki

Baƙin ciki ba ciwo ba ne. Wanda aka kashe masa ɗa dole ya yi makoki, Ubangijinmu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Mai makoki yakan samu sa'o'in da nauyin ya ɗan sauka, ya yi dariya da jikoki, ya ci tuwo. Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne mako biyu: in mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, yawancin yini, zuciyarsa a karye, ko kuwa abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, ga canjin barci da cin abinci, ga kasala, ga rashin iya tattara hankali, ga ganin kansa ba shi da amfani ko yawan tuhumar kansa da laifi, ga tunanin mutuwa, har abin ya hana shi aikinsa, to lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi.

Matsalar ita ce a wurinmu ciwon ba ya cika zuwa da wannan kama. Bahaushe, da duk wanda ya tashi cikin Hausawa, ba ya zuwa asibiti ya ce raina a ɓace yake. Zai ce kansa yana zafi, ko wani abu yana masa yawo a jiki, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko zuciyarsa tana bugawa. Daga nan sai a kama hanyar da muka saba. A je kemis a sayi maganin zazzaɓi. Bai yi ba, a ce taifod ne, a yi allurai. Bai yi ba, a ƙara da ƙarin ruwa da maganin ƙarin jini. Mai kemis ya ga ba a barci, ya ba da baliyam, mutum ya saba da shi. Matasa kuma abokai su nuna musu tiramol ko kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tarinsa tun 2018 amma bai ɓace ba. In duk wannan ya ƙi, sai a fara raɗe-raɗin sammu, a fara zargin kishiya ko maƙwabci, a ɗauki mara lafiya zuwa gidan addu'a. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, bayan shekara ɗaya ko biyu, kuɗi sun ƙare, aiki ya tafi, wani lokaci aure ma ya mutu.

Zuwa da wuri yana da wata riba da ba mu cika tunawa da ita ba. Akwai cututtukan jiki da suke kama da ciwon damuwa, kamar ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo, likita ne zai gwada ya raba. Akwai kuma wata larura dabam wadda mutum yakan yi makonni cikin damuwa, sannan ya juya ya yi kwanaki ba barci, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi. Mai wannan larura in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tayar masa da ita. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mu sayen irin waɗannan magunguna a kemis bisa shawarar maƙwabta.

Laifinmu na ikkilisiya

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun yi wa'azin farin ciki cikin Ubangiji ta hanyar da ta sa mai ciwon damuwa yake jin kunyar buɗe baki. Mun ce masa ya ƙara addu'a, alhali kuwa ɗaya daga cikin alamun ciwon shi ne mutum ya kasa tattara hankalinsa ko da na minti biyu ne. Mun sa shi azumi, shi da ya riga ya rame don rashin ci. Mun tambaye shi ko akwai zunubin da bai furta ba, shi da ciwon ya riga ya sa yake ganin kansa mafi zunubi a duniya. Ba da mugunta muka yi ba. Amma in mutum yana da hawan jini ko ciwon sukari ba ma yi masa haka, mukan yi masa addu'a mu kuma tambaye shi ko ya sha maganinsa.

Abin ya wuce magana a wasu wurare. A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a Nijeriya. Da yawa cikinmu mun tuna gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna da Daura a shekarar, muka ce wannan ba namu ba ne. Rahoton kuwa ya ambaci wuraren addu'a na Kirista tare da na Musulmi, da na masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati.

Mu sake karanta 1 Sarakuna sura 19. Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa. Abu na farko da Allah ya aiko masa shi ne abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ciyar da shi. Magana ta zo daga baya, kuma da ta zo, a ciki akwai aikin da zai yi da abokin tafiya, wato Elisha. Abokan Ayuba kuma, kwana bakwai na farko da suka zauna shiru tare da shi su ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka fara neman zunubinsa ne suka ɓata. Bulus bai ji kunyar kiran Luka likita ba. Ba mu ga inda Littafi Mai Tsarki ya sa mu zaɓi tsakanin durƙusawa da zuwa asibiti.

Doka ta canza, hanya ba ta canza ba

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Sabuwar dokar ta ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa a jinya, ta hana wulaƙanta shi da nuna masa bambanci, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ci gaba ne. Amma doka ba ta duba mara lafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma suna ta ficewa waje. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya mafi kusa da mu shi ne na Kware, gaba da Sakkwato, sai an bi ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. In ba shi ba sai Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano, ta hanyar Tsafe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, kuɗin magani ma haka. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, ana gyaran asibitoci. Abin da za mu sa ido a kai shi ne ko gyaran zai wuce gini da fenti ya kai ga horar da ma'aikata su gane wannan ciwo.

Domin gaskiyar magana, yawancin masu ciwon damuwa ba sa bukatar Kware. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari mai suna mhGAP domin koya wa nas-nas da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi yadda za su gane ciwon su kuma yi jinyarsa. An gwada wannan a ƙasarmu. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi bincike a ƙananan asibitocin Ibadan, aka buga sakamakon a 2019: wajen uku cikin huɗu na marasa lafiyar da waɗannan ma'aikata suka kula da su sun samu sauƙi bayan shekara guda. Wasu cikinsu da ma za su warke da kansu, haka ciwon yake, amma binciken ya nuna ƙaramin ma'aikaci da aka horar yana iya riƙe wannan aiki. Saboda haka ƙofar farko ita ce asibitin da ke kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Abin da ya rage ga mara lafiya da mai rakiyarsa shi ne su faɗi duka labarin, har da rashin barcin da tunanin, kada su tsaya ga ciwon kai.

Jinyar kanta iri biyu ce. Ta farko magana ce, amma ba hira ba, magana mai tsari. Misalin da ya fi burge mu daga Zimbabuwe yake. Wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar asibiti a birnin Harare. A harshen Shona sunan ciwon yana nufin yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa. Kaka takan zauna da mutum sau shida. Ba ta yi masa wa'azi, ba ta ce ya yi haƙuri. Takan sa ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya da za a iya taɓawa, su tsara abin da zai yi kafin mako mai zuwa, ya dawo ya faɗi yadda aka yi. A binciken da aka buga a 2016, bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne suke da sauran alamun ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Duk wanda ya san ƙarfin Zumuntar Mata a ikkilisiyoyinmu zai ga abin da muke hange.

Ta biyu ita ce ƙwaya, ga wanda ciwonsa ya yi nauyi. Amitiriftilin tsohon magani ne mai araha, yana sa barci da bushewar baki, yana kuma da hatsari ƙwarai in an sha fiye da ƙa'ida, don haka wani a gida ya riƙe shi. Fuloksetin da satiralin sun zo daga baya, jiki ya fi jure su. Abu uku ne suke sa mutanenmu su yar da magani. Na ɗaya, ba ya aiki kamar farasitamol, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga canji. Na biyu, da an ji sauƙi sai a daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warke, in ba haka ba ciwon yakan dawo. Ranar dainawa ma a hankali likita zai rage shi. Na uku shi ne wanda ya shafe mu: wani ya tashi a taron farkawa ya ce wanda ya gaskata ya warke ya zubar da maganinsa. Mai faɗin haka ba shi ne zai kwana da mara lafiya ba in ciwon ya dawo.

Sababbin magunguna fa?

Masu waya a hannu sun ga labarinsu, suna kuma tambaya. A watan Maris na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da esketamin, wanda ake sayarwa da sunan Spravato, ana fesa shi a hanci, domin waɗanda suka gwada magunguna biyu ko fiye ba su samu sauƙi ba. Yana aiki cikin sa'o'i ko kwanaki maimakon makonni. Amma a asibiti ake ba da shi, a tsare mutum sa'a biyu ana duba shi, domin yana ɗaga jini yana kuma sa mutum ya ji kamar ya rabu da jikinsa. A watan Agusta na 2023 aka amince da zuranolon, ƙwayar da mai jego take sha kwana 14 domin damuwar bayan haihuwa. Kuɗinta dubban daloli ne. Akwai kuma na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a kai tana motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa, an amince da ita a can tun 2008, ana zuwa kusan kullum har makonni. Jinya da lantarki, wadda sunanta ke tsorata mutane, tsohuwa ce, amma yau sai an sa mutum barci ake yi, kuma har yanzu tana cikin mafi ƙarfi ga wanda ya daina ci da sha gaba ɗaya.

Ra'ayinmu shi ne waɗannan labari ne mai daɗi ga wanda aka yi ta gwada masa magani bai ji sauƙi ba, domin ya san ba a kai ƙarshen hanya ba. Amma ba su ne matsalar Zamfara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun jinya kowace iri. Mutumin Tsafe bai kai ga matakin da za a ce magunguna biyu sun ƙi shi ba, ko na farkon ba a ba shi ba. Akwai ma abin tsoro a ciki. Ketamin, ɗan'uwan esketamin, yana nan a asibitocinmu ana sa barci da shi lokacin tiyata. Ranar da labari ya bazu cewa yana maganin damuwa, za a samu mai yin allurarsa a bayan shago. Duk wanda ya yi muku tayin haka, ku guje shi.

Akwai lokacin da ba a jiran mako biyu. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa, ko yana sallama da mutane ba tafiya a gabansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ƙwari da sauran magunguna daga gidan a kulle, a kai shi asibiti a ranar. Mun san abin da ke sa iyalai ɓoyewa: kunya, da tsoron abin da ikkilisiya za ta ce, da kuma sashe na 231 na Final Kod da ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kawar da wannan hukunci, ya kamata shugabanninmu su sa baki a cika shi, domin dokar da ke sa uwa ta ɓoye ɗanta daga likita ba ta ceton kowa.

Ikkilisiya ta taɓa yin wannan aiki a ƙasar nan. Ikkilisiyar Metodis ta kafa Amaudo a Itumbauzo ta Jihar Abiya wajen 1990, tana ɗauko masu larurar ƙwaƙwalwa daga titi, tana jinyarsu tana mayar da su gida. A Binuwai, daga 2011, Metodis ta Otukpo ta haɗa hannu da ƙungiyar CBM da gwamnatin jiha aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, jinya ta sauko kusa da ƙauyuka. Mu ba mu da ƙarfinsu a Zamfara, mu kaɗan ne, mu ma a tsorace muke. Amma kusan kowace majami'a a Gusau tana da nas ko ma'aikacin lafiya a cikin membobinta. Ana iya ba shi minti ashirin a taron mata da na matasa. Ana iya neman a horar da mata biyu ko uku masu riƙe sirri, mu jaddada masu riƙe sirri, domin abin da aka faɗa a ɗaki in ya fito a matsayin roƙon addu'a ranar Laraba, babu wanda zai sake buɗe baki. Kwamitin da ya tara kuɗin fansa kuma kada ya watse ranar sujadar godiya. Ya sa a littafinsa cewa za a koma gidan bayan wata ɗaya, da bayan wata uku, a kuma ware wani abu daga baikon taimako domin kuɗin mota zuwa Kware na mutum biyu, mara lafiya da mai rakiya, da maganin wata shida.